Babi Na Biyar: Kwalin Likita da Izinin Taɓa Majinyaci

A garin Luton, arewa da birnin Landan, an taɓa yin wata makarantar koyon likitanci mai suna St Christopher. Ajujuwanta a Ingila suke, ɗalibanta a Ingila suke kwana suna tashi, amma izinin da take dogara da shi wajen ba da digiri daga Senegal ya fito. Hukumomin Birtaniya ba su duba karatunta, domin a takarda makarantar Senegal ce. Dakar kuwa tana da nisan dubban kilomita daga inda ake karatun. A shekarar 2005 BBC ta yi bincike a kan irin waɗannan makarantu, kuma hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Birtaniya, wato GMC, ta daina karɓar takardun da suka fito ta wannan reshe. Ɗaliban sun biya kuɗi, sun shiga aji, da yawansu sun yi karatu da gaske, amma ƙasar da suka yi karatun a cikinta ta hana su duba majinyatanta.

Da wannan labari na fara saboda ya rushe hujjar da dillalan gurbin karatu suka fi riƙewa. Sunan makarantar yana cikin kundin makarantun likitanci na duniya a lokacin. Duk uban da ya taɓa zama gaban eja a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya ji wannan magana: "Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka, WHO ta amince da ita." Sai ya juyo da kwamfuta ya nuna maka sunan a jerin sunaye, kai kuma ka gyaɗa kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ba ta tantance makarantun likitanci, kuma ba ta taɓa yi ba. Abin da ta yi shi ne buga kundin sunaye, daga 1953 zuwa 2000, kuma sunayen da ke ciki gwamnatoci ne suke aiko mata. Daga baya aikin ya koma hannun Jami'ar Kopenhagen, sannan a 2014 aka haɗe shi da wani kundin na Amurka, aka samu wanda ake amfani da shi yau, World Directory of Medical Schools. Ƙungiyar ilimin likitanci ta duniya, WFME, da gidauniyar FAIMER ne suke kula da shi. Makarantu sama da 3,000 ne a ciki, kuma masu kundin da kansu sun rubuta ƙarara cewa shigar suna ba ya nufin sun tantance makaranta ko sun yaba mata. Amfanin kundin ta ɓangare ɗaya ne. Idan ka duba ba ka ga sunan ba, ka tashi ka kaɗe rigarka, magana ta ƙare, domin manyan hukumomin lasisi ba za su ko buɗe fayil ɗin ɗanka ba. Idan ka ga sunan, abin da ka sani kawai shi ne akwai makaranta mai wannan suna, kuma wata hukuma a ƙasarta ta san da zamanta.

Takardun da ke tsakanin ɗalibi da gadon majinyaci sun fi ɗaya, kuma hannaye daban-daban ne ke sa musu hannu. Akwai izinin buɗe makaranta, wanda ma'aikatar ilimi ko majalisar ƙasa ke bayarwa. A wasu ƙananan ƙasashe wannan izini bai fi rajistar kamfani wahala ba. Akwai tantancewa, inda wata hukuma mai zaman kanta ke tura likitoci da malamai su zo su ƙirga gadajen asibiti, su duba ɗakin gwaje-gwaje, su keɓe da ɗalibai su tambaye su abin da shugaban makaranta ba zai so a ji ba, sannan su dawo bayan wasu shekaru su sake dubawa. Sai kuma lasisin aiki, wanda makaranta ba ta da iko a kansa ko kaɗan. A Najeriya wannan yana hannun hukumar MDCN, wadda doka ta kafa a 1963. A Gana akwai takwararta, a Nijar kuma sai an bi ta ma'aikata an daidaita takardar, sannan a yi rajista da ƙungiyar likitoci ta ƙasa. Sana'ar dillali ita ce ya nuna maka takarda ta farko, ya bar ka ka ɗauka cewa ta uku ce.

Ita WFME ɗin ma ba makarantu take tantancewa ba, masu tantancewa take tantancewa. Tana duba hukumar kowace ƙasa ta ga ko aikinta ya kai mizani, ta ba ta shaida ta shekara 10. Majalisar Likitocin Sudan ta samu wannan shaida a 2018, hukumar Masar ta biyo baya a 2019. Saboda haka idan ƙasidar talla ta ce WFME ta tantance makarantar, wanda ya rubuta ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana fatan kai ba ka sani ba. Tambayar da ta dace guda biyu ce a haɗe: wace hukuma ce ta tantance wannan makaranta, ita kuma hukumar wa ya san ta? An sha ganin makarantar da ta kafa wa kanta hukumar tantancewa, da tambari mai kyau da shafin intanet, masu makarantar su ne masu hukumar.

Amurka, wadda yau ake ganin ta fi kowa tsauri, ta taɓa zama matattarar makarantun je-ka-na-yi-ka. A 1910 wani malamin makaranta mai suna Abraham Flexner, wanda shi ba likita ba ne, ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Da yawa kasuwanci ne na wasu likitoci ƙalilan, suna karɓar duk wanda ya biya. A wata makaranta ya tarar da ƙofofi a kulle, an rubuta sunayen ɗakunan gwaji a jikinsu. Da ya koma a ɓoye ya sa mai gadi ya buɗe, sai ya iske kowane ɗaki tebur ne da allo da kujeru. Cikin shekara 25 fiye da rabin makarantun sun rufe ko sun haɗe da wasu. Gyaran ya zo da tasa ɓarnar, domin cikin makarantu 7 da ke horar da baƙaƙen fata, Howard da Meharry ne kawai suka tsira, kuma baƙaƙen Amurka sun daɗe suna fama da ƙarancin likitoci saboda haka. Duk da wannan, dabarar Flexner ta je-ka-gani har yau ba a samu wadda ta fi ta ba.

Da gurabe suka yi ƙaranci a Amurka, sai kasuwar ta tsallaka teku zuwa tsibiran Karebiyan. An kafa St George's a Giranada a 1976, Ross da AUC suka biyo a 1978. Waɗannan sun girma, an tantance su, dubban likitocin da suka yaye suna aiki a Amurka. A gefensu kuma wasu suka tsiro waɗanda ba su da komai sai suna. A farkon shekarun 1980 aka kama wani mutum mai suna Pedro de Mesones yana sayar wa mutane digirin likita daga makarantun CETEC da CIFAS na Jamhuriyar Dominika ba tare da sun yi karatun ba. An ɗaure shi, gwamnatin ƙasar kuma ta rufe makarantun biyu a 1984. Waɗanda suka fi shan wuya su ne ɗaliban da suka zauna a aji da gaskiya, domin takardarsu da ta mai saye launi ɗaya ce. Irin wannan muka gani a kusa da mu, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa a ƙarshen 2023 yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako 6. Digirin aikin jarida ne, ba na likita ba, amma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance duk takardun Benin da Togo gaba ɗaya, mai gaskiya da mai ƙarya.

A ganina akwai tambaya ɗaya da ta fi duk takardun nan nauyi, kuma kowane uba zai iya yin ta ko da bai taɓa shiga jami'a ba. Wanda ya gama wannan makaranta, ƙasar da makarantar take za ta ba shi lasisi ya duba 'yan ƙasarta? Sannan 'ya'yan ƙasar suna karatu a ajin da za a sa ɗana? Mai tuwon da ba ta ci daga tukunyarta ba, ba ta kuma zuba wa 'ya'yanta, kai ma sai ka yi tunani kafin ka sa hannu. Akwai makarantun da aka kafa don baƙi kawai, babu ɗan ƙasa ko ɗaya a ciki, kuma gwamnatin wurin ba ta damu da ingancinsu ba tunda ta san waɗanda aka yaye jirgi za su hau. Akwai kuma manyan jami'o'i na gaske da ke da layi biyu, na 'yan gida da harshen gida da jarrabawa mai zafi, da na baƙi da Turanci, inda faɗuwa ke da wuya saboda kowane ɗalibi dala ne. Indiya, wadda ke tura ɗimbin 'ya'yanta waje karatun likita, ta gaji da wannan har ta mayar da tambayar doka a Nuwamban 2021. Yanzu ba ta karɓar digirin waje sai karatun ya kai wata 54, an yi ƙarin wata 12 na sanin makamar aiki a wannan makarantar, kuma takardar tana ba mai ita damar yin rajista a ƙasar da ya yi karatun daidai da ɗan ƙasa. Uban da ke Zariya ko Damagaram ba ya bukatar doka kafin ya ari wannan ma'auni.

Daga nan sai asibiti, inda a gaskiya ake yin likita. Shekarun farko na karatun, na sanin sassan jiki da yadda suke aiki da magunguna, ana iya yin su a aji da littafi da gawa a ɗakin fiɗa. Shekarun ƙarshe kuwa a bakin gado ake yin su. Ɗalibi zai tambayi majinyaci tarihin ciwonsa, ya ɗora hannu a cikinsa, ya saurari ƙirji ɗari kafin kunnensa ya fara bambance mai ruwa da mai lafiya, ya kwana a ɗakin haihuwa, ya ɗinke rauni malami na tsaye a kansa. Ƙasashen Turai sun ƙayyade aƙalla awa 5,500 na karatu da aiki, kuma kaso mai yawa na wannan a asibiti ne. Saboda haka a tambayi sunan asibitin koyarwa. Na makarantar ne, ko aro ne? Gado nawa ne a ciki, ɗalibai nawa ke rububinsu? A nan MDCN ke yi wa makarantun gida ƙa'idar yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka a shekara gwargwadon malamanta da gadajenta, abin da iyaye ke gani kamar mugunta idan ɗansu ya rasa gurbi. Makarantar waje da ke ɗaukar duk wanda ya zo, sau biyu ko uku a shekara, da asibiti ƙarami ɗaya, lissafinta ba zai fita ba. Mafi muni ita ce wadda ke cewa bayan shekara ta uku ɗalibi ya koma ƙasarsa ya nemi asibitin da zai yi aiki, ya kawo takarda a sa hannu. Wannan ta sayar da rabin karatu a farashin cikakke.

Harshe ma yana shiga nan, kuma ba a cika kula da shi ba. Lacca da Turanci ake yi, amma tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti a Karkib ko Tibilisi ko wani gari a Sin ba ta jin Turanci. Ɗalibin da bai koyi harshen wurin ba zai shekara uku yana tsaye a bayan malami yana kallo. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'ya'yanmu da suka yi karatu a Sudan da Masar, musamman masu tushen Larabci daga Islamiyya, sukan dawo da hannu mai ɗan sabo, ga kuma cututtukan da suka gani, zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da tamowa, su ne dai za su tarar a gida.

Sakamakon duk wannan yana fitowa ne a jarrabawar da MDCN ke yi wa waɗanda suka karanto a waje. Ba wanda zai fara shekarar sanin makamar aiki sai ya ci ta. A zama da dama fiye da rabin masu rubutawa ne ke faɗuwa, har da wanda aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ƙarshen 2023, inda sama da 400 cikin sama da 800 ba su haye ba. Iyaye sun sha yin ƙorafi cewa ana tsananta wa 'yan waje da gangan, kuma ba na cewa tsarin jarrabawar ba shi da abin gyara. Amma duk wanda ya taɓa ganin wanda ke riƙe da kwalin likita yana lalube wajen auna hawan jini ya san cewa ba duka laifin mai jarrabawa ba ne. Abin da zan tambayi makaranta shi ne, cikin 'yan Najeriya da ta yaye a shekara uku da suka wuce, nawa suka ci wannan jarrabawa a zaman farko. Makarantar kirki tana bibiyar wannan adadi domin shi ne tallarta. Wadda ta ce ba ta ajiye irin wannan bayani ta riga ta ba ka amsa.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowace makaranta marar tantancewa ce ta 'yan damfara ba. Wata sabuwa ce, ta nemi a zo a duba ta, ana jiran ta yaye rukunin farko. Wata tsohuwa ce mai daraja, amma ƙasarta ba ta kafa hukumar da duniya ta sani ba. Waɗannan daban suke da wadda aka duba aka hana, ko aka ba ta aka ƙwace, ko wadda ta shekara goma tana cewa "ana kan hanya." Sai dai ko a kan mai gaskiyar, kasadar a wuyan ɗalibi take. Idan masu tantancewa suka zo suka ce ba su gamsu ba, mai makaranta zai gyara gini ya sake nema baɗi, yaron da ya kai aji biyar kuwa shi ne zai zauna. A cikin gida ma an ga ɗaliban da suka shafe kusan shekara goma a karatun shekara shida saboda jami'arsu ta ɗauke su kafin ta samu sahalewa. Idan za ka shiga irin wannan, ka shiga da ido buɗe, ka ga wasiƙar hukumar tantancewa da kwanan wata, ba wasiƙar makarantar ba.

Tantancewar ma ba ta dawwama. Jami'o'in Yukiren da yawa suna da cikakkun takardu ranar 23 ga Fabrairun 2022. Washegari yaƙi ya ɓarke, karatu ya koma intanet, kuma a watan Yunin shekarar MDCN ta sanar cewa ba za ta karɓi digirin likita da aka bayar daga can daga 2022 ba har sai karatu ya koma yadda yake, tana mai cewa ba ta yarda da likitancin da aka koya ta intanet ba. A Afrilun 2023 aka maimaita a Sudan, aka kwaso 'ya'yanmu daga Khartum da Omdurman ta iyakar Masar da Port Sudan, wasunsu saura 'yan watanni su gama. Ba wanda zai zargi uba da rashin hango yaƙi. Amma akwai abin da ake gani tun kafin a biya kuɗi, kamar Arewacin Sayifurus, yankin da Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Duk takardar da ta fito daga can tana ɗauke da wannan tambaya a duk inda aka kai ta.

Wanda ke mafarkin ɗansa ya yi aiki a Amurka ko Birtaniya, sai ya ƙara dubawa. A shafin kowace makaranta a kundin duniya akwai wurin da hukumar ECFMG ta Amurka ke rubuta ko ɗaliban makarantar sun cancanci neman shaidarta, da shekarun da cancantar ta shafa. A karanta shekarun da kyau, domin wata makarantar an rufe mata ƙofa daga wata shekara. Tun 2010 hukumar ta fara matsa wa makarantun duniya lamba su nemi tantancewa, kuma daga 2024 tana nuna wa asibitocin da ke ɗaukar sababbin likitoci ko makarantar mai nema ta cika wannan sharaɗi. GMC kuma tana wallafa sunayen makarantun da ba ta karɓar takardunsu, da waɗanda sai ta duba mutum ɗaiɗai. Duk wannan kyauta ne, awa ɗaya a waya ya isa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da ba zai sayi fili ba sai ya taka ƙafa ya ga iyakarsa, zai sayar da wannan filin ya tura miliyoyi zuwa makarantar da bai sani ba sai a hoto. Cinikin biri a sama ke nan. Eja kamasho yake karɓa a kan kowane kai, wani lokaci daga ɓangarorin biyu, saboda haka shawararsa talla ce ko da ɗan unguwarku ne, ko da tare kuke sallah. Ɗalibin da ke can yanzu ma ba shaida ba ne cikakke, domin wasu ana rage musu kuɗin makaranta idan suka kawo wani, wasu kuma kunya ba za ta bar su su ce sun yi zaɓen tumun dare ba. Wanda za a nema shi ne wanda ya gama, ya dawo, ya ci jarrabawa, yana aiki. A tambaye shi haihuwa nawa ya karɓa da hannunsa kafin ya dawo. Sannan a rubuta wa hukumar lasisi ta ƙasar da yaron zai yi aiki, da cikakken sunan makarantar da garin da za a yi karatun, tunda reshe da uwar makaranta ba lallai hukuncinsu ya zama ɗaya ba. A ajiye amsar a rubuce.

Saura wanda ɗansa ya riga ya yi nisa kafin ya ji wannan. Sauya makaranta yana yiwuwa, amma yana da tsada, kuma makarantar kirki takan mayar da ɗalibi baya shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci ta ce ya faro daga farko. Hukumomin lasisi suna bin diddigin kowace makarantar da mutum ya ratsa, don haka shekarun da aka yi a wurin da ba su yarda da shi ba suna iya ɓata digirin da aka ƙarasa a wuri mai kyau. Kafin a motsa sai a tambayi hukumar ko za ta ƙirga shekarun baya. Kuma duk inda yaro yake, mai kyau ko mai shakku, ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, tare da littafin da malaman asibiti ke sa hannu a kan abin da ya yi, ya ɗauki hotonsu ya aiko gida. Ɗaliban Khartum da suka yi haka sun samu abin nunawa lokacin neman gurbi a wasu jami'o'i, waɗanda ba su yi ba kuwa sai da suka jira ofishin rajista da babu kowa a cikinsa.